Baƙuwar Kaka a Bakin Challawa: Tarihin Kallon Tsuntsaye a Kano



Babu Bahaushen da bai san shamuwa ba. Da an gan ta ta sauka a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, manomi ya san lokaci ya yi da zai duba irinsa. Da ruwa take zuwa, da ruwa take tafiya. Ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, damina na ɗaukewa ta nufi kudancin Afirka. Wannan baƙuwa kowa ya san sunanta, yaro da babba.

Akwai wata baƙuwar da ke sauka daidai lokacin da shamuwa ke haɗa nata ya nata. Ita daga arewa take zuwa, daga Turai, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ta zauna da mu har Maris ko Afrilu. Ba ta hawa tsamiyar ƙofar gida. Masaukinta cikin kacalla ne da dogayen ciyayin bakin ruwa, irin waɗanda ake gani a gaɓar Challawa da bakin madatsun ruwan da ke kewaye da Kano. Yawancinmu ko mun gan ta, "wani ɗan tsuntsu" kawai za mu ce mu wuce. Masana suna kiran danginta Acrocephalus. Mu a nan bari mu kira ta 'yar fadama.

Tsawonta bai wuce santimita 13 ba, nauyinta kuwa kimanin giram 12, wato kamar dunƙulen magi uku a tafin hannu. Bayanta ruwan ƙasa ne mai zane-zane, cikinta fari-fari, sannan tana da farin layi a saman ido kamar an ja mata gira da alli. Ƙananan ƙwari take ci. Kafin ta tashi doguwar tafiya takan ci har nauyinta ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne guzurinta. Da shi take ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, mafi yawan tafiyar da dare. Daga Ingila zuwa Kano ya haura kilomita 4,000.

Tarihin yadda aka san wannan baƙuwa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin kogunan Kano. Wanda ya bi ɗaya zai tsinci kansa cikin ɗayan.

KURMIN BAƘIN RUWA

Tsohon littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya buɗe ne da labarin Dala da Barbushe da mutanensu. A ciki an ambaci Jakara a matsayin kurmi mai duhu da ke kewaye da wani ruwa baƙi. Maguzawan wancan zamani ba sa taɓa itatuwansa, kuma sun ɗauka cewa idan wata masifa na tafe kurmin zai yi ƙara ya sanar da su. Wannan imani ya wuce da zamaninsa. Abin da ya rage mana a labarin shi ne shaida cewa tsakiyar birnin Kano, inda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, fadama ce mai ruwa da itatuwa. Sunan kasuwar ma bai ɓoye asalinta ba. Duk inda aka sami irin wannan wuri a ƙasar Hausa kuwa, akwai zalɓe, akwai balbela, akwai kirinjijiya, akwai kuma ƙananan da ke ɓuya cikin ciyawa.

Kakanninmu sun san tsuntsaye sani na zaman tare. Shi ya sa harshenmu ya cika da su: gauraka, burtu, cilakowa, carki, yautai, ragon maza, hasbiya, fakara, dinya, borin tinke. Maharbi ya san inda kowanne ke kwana, manomi ya san wanda ke cin gero da wanda ke cin fara. Lokacin da G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, bayan shekaru yana aiki da malamai, sunayen tsuntsaye da yawa sun shiga ciki. A 1937 kuma Abubakar Imam ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakin aku. Sai dai wannan sani na baka ne. Ba ya zuwa da kwanan wata, ba ya zuwa da adadi. Idan tsoho ya ce "da can akwai gauraka a nan", gaskiya ya faɗa, amma "da can" ɗin wace shekara ce, kuma guda nawa? Wannan giɓi shi ne baƙi suka zo suka cike da alƙalaminsu.

ZAMANIN BINDIGA

A tsakanin 1885 da 1886, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, wasu Jamusawa biyu, Paul Staudinger da Ernst Hartert, suka ratso ta Keffi da Zariya zuwa Kano, suka wuce Sakkwato da Gwandu da kyaututtuka daga sarkin Jamus. Hartert saurayi ne a lokacin, bai kai shekara 30 ba, kuma tsuntsaye ne abin da ya fi ɗaukar hankalinsa. Bayan ya koma gida sai ya zama mai kula da gidan adana halittu na attajirin nan Walter Rothschild a garin Tring na Ingila.

Shekaru fiye da 30 bayan nan, Rothschild ya turo wani mutumin Sikotlan mai suna Angus Buchanan. Shi a jirgin ƙasa ya iso, domin layin dogo ya riga ya shigo Kano tun 1911. A ƙarshen 1919 ya yada zango a Fanisau, arewa da birni, yana tara tsuntsaye da ƙananan dabbobi, kafin ya kama hanyar Damagaram da Agadas zuwa duwatsun Azbin a 1920. Hartert ɗin nan, wanda ya taka ƙasar Kano yana saurayi, shi ya zauna a Tring ya tantance tsuntsayen da Buchanan ya aika. Wani ɓeran daji da aka kama a Fanisau ma da sunan Nijeriya aka raɗa masa suna a littattafan kimiyya.

Kallon tsuntsu a wancan zamani da bindiga ake yinsa. A harbe, a feɗe, a cusa auduga cikin fatar, a ɗaura wa ƙafa 'yar takarda mai ɗauke da wuri da kwanan wata. Hanya ce marar daɗin ji, amma 'yar takardar nan ita ce tarihi. A farkon shekarun 1930 Rothschild ya sayar da yawancin tsuntsayensa ga babban gidan tarihin halittu na birnin New York. Ke nan mai son ganin tsuntsun da ya yi kuka a Fanisau zamanin Sarki Usman, sai ya nemi bizar Amurka.

ZAMANIN ZOBE

Turawa sun daɗe suna gardama kan inda tsuntsayensu ke shiga da hunturu. Har akwai masu cewa tsattsewa cikin laka take nutsewa ta yi barci. A 1822 aka harbo wata babbar farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta tashi, da shi ta ƙetare hamada da teku. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa ya sake su. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya aiko da lambar. Da haka aka fara zana hanyoyin tsuntsaye a taswira ba tare da an kashe su ba.

Wannan aiki ya sami gindin zama a Kano ta hannun Robert Sharland, Baturen Ingila da ya daɗe yana zaune a garin. Yakan kafa raga mai laushi a bakin ruwa, ya kama, ya auna, ya sa zobe, ya saki, kuma shekara da shekaru shi ke haɗa rahoton zobban da aka sa a duk faɗin Nijeriya. A 1964 shi da John Elgood na Jami'ar Ibadan da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, da 'yar mujallarta. Daga baya ƙungiyar ta faɗaɗa ta game Afirka ta Yamma, a 1979 kuma mujallar ta koma Malimbus. A ƙarshen shekarun 1960 Fry da abokansa sun je Malam Fatori a bakin Tafkin Cadi, suna auna yadda ƙananan tsuntsayen nan ke tara kitse kafin su fuskanci hamada da bazara.

Sai ga wani abu ya faru da ya nuna amfanin ƙidaya. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka ga wata 'yar'uwar 'yar fadama, mai farin maƙogwaro, ta ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Gonakinsu ba su sauya ba, dazuzzukansu suna nan. Da aka bi sawu, a 1974 masana suka danganta abin da ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel, inda tsuntsuwar ke cin rani. Wato tun kafin babban farin 1973 ya kashe shanu ya kori mutane daga garuruwansu, tsuntsaye sun kai labarin Turai, ta hanyar rashin komawarsu. Bincike na baya ya nuna ita ma 'yar fadama haka take: shekarar da damina ta yi kyau a Afirka ta Yamma da yawa suke komawa, shekarar fari kuwa kaɗan.

MADATSU DA MASANA'ANTU

A daidai wannan lokaci kogunan Kano suka shiga sabon babi. Gwamnatin Audu Bako ta duƙufa kan gina madatsun ruwa. An gama Tiga a kan Kogin Kano a 1974. An tare Jakara a Wasai cikin ƙasar Minjibir. Daga baya, a 1992, aka kammala madatsar Challawa a Ƙaraye. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha, sun kuma samar da sababbin gaɓoɓi masu ciyawa kusa da birni. Amma Kogin Kano da Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, kuma ambaliyarsu ta kowace shekara ita ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, masaukin dubban agwagin ruwa daga Turai. Da aka tare ruwa a sama, ambaliyar ta ragu ƙwarai, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya sami maɓoya yana cin shinkafar manoma. Wannan ya sa aka kafa shirin kare fadamun a 1987. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a ƙasar Bade saboda tsuntsayen wurin.

A cikin birni kuwa masana'antu ne suka yi ta tashi. Bompai ce babbar yaya, tun ƙarshen zamanin Turawa. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, suka bunƙasa da kuɗin fetur a shekarun 1970 da 1980: masaƙu, kamfanonin roba, na mai, na alewa, da uwa uba na jima. Jima tsohuwar sana'ar Kano ce. Fatunmu sun ƙetare Sahara tun ƙarnoni, har Turawa suka riƙa kiransu fatun Maroko saboda ta can suke isa gare su. Majemin gargajiya da toka da bagaruwa yake aiki. Na zamani kuwa da farar ƙasa da wasu sinadarai yake cire gashi, da gishirin kuromiyam yake jeme fatar, kuma aikin na shan ruwa mai yawa. Ruwan da ya fito daga Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara. Na Sharaɗa yana bin Salanta. Shi da na rukunin Challawa duk a Kogin Challawa suke ƙarewa, kogin da Kano ta fara jan ruwan famfo daga gare shi tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ɗaliban jami'o'inmu sun sha auna waɗannan rafuka suna samun kuromiyam da dalma, a ruwan da kuma a ganyen da ake bayi da shi. Jakara ta sake zama baƙin ruwa, amma wannan karon ba inuwar kurmi ce ta baƙanta ta ba.

Ta ina wannan ya shafi tsuntsuwa mai giram 12? Ta cikinta. Ƙwarin da take ci da yawansu a cikin ruwa suke fara rayuwa. Ruwan da ya ɗauki dattin jima yana rasa iskar da halittun ciki ke shaƙa, sai masu taurin rai kaɗan su rage. Ga masu tifa na ɗibar yashi suna cinye gaɓa, ga filaye ana yankawa har bakin ruwa. Tsuntsuwar da ta iso a rame bayan hamada tana bukatar abinci nan take, domin a nan Afirka take zubar da tsofaffin gashin fuka-fukanta ta fitar da sababbi, a nan kuma take tara kitsen komawa. Gaɓar da ta kasa ciyar da ita, ita ce gaɓar da mai latas da mai kamun kifi suke dogaro da ita.

Abin farin ciki, akwai ma'auni. A 1981 Sharland da Roger Wilkinson, malami a Jami'ar Bayero, suka buga cikakken jerin tsuntsayen Jihar Kano a Malimbus. Jihar a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, wadda aka cire a 1991. A 1987 kuma David Aidley da Wilkinson suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a wata fadama kusa da Kano, kan yadda iri shida na dangin 'yar fadama, wasu baƙin Turai wasu 'yan gida, suke rayuwa a tsawon shekara. Waɗannan rubuce-rubuce hoto ne na gaɓoɓinmu a lokacin da masana'antu ke tashe. Tun daga nan abubuwa da yawa sun faru. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wuta, da shigowar kayan waje, kamfanoni da yawa sun rufe. Wanda ya zaga Sharaɗa ko Bompai yau zai ga harabobin da ciyawa da bishiyoyi suka mamaye, kurciya na kuka a kan rufin da injuna suka yi shiru. Wannan ma babi ne na tarihin, kuma yana jiran mai rubuta shi.

YADDA AKE GANO WADDA BA A SABA GANI BA

Mai kallon tsuntsaye burinsa ya yi ido biyu da wadda ba kasafai ake gani ba. Labarai biyu sun isa su nuna yadda hakan ke faruwa.

A 1974 wani Bafaranshe mai naɗar kukan tsuntsaye, Claude Chappuis, ya bayyana wata sabuwar 'yar tsuntsuwa da ke zama a bakin Kogin Kwara da Tafkin Cadi. A ido kusan ba ta da bambanci da wata 'yar'uwarta da ta cika ko'ina, har cikin gonakinmu. Masu bindiga sun wuce ta shekara da shekaru. Kunne ne ya raba su, domin kukansu ya sha bamban. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ga shi kimiyya ta zo ta sa hannu.

Na biyu, akwai wata mai kama da 'yar fadama sosai, sai dai ita tana da ƙarin layi mai haske a tsakiyar kai. A fadamun Belarus da Yukren da Folan take haihuwa, kuma tana cikin ƙananan tsuntsayen Turai da aka fi jin tsoron ƙarewarsu. An daɗe ana neman inda take cin rani a Afirka, sai a farkon 2007 aka same ta a fadamar Djoudj da ke arewacin Sanagal. Masu binciken sun gane ta ne saboda sun san ta yau da kullum ciki da bai, har layi ɗaya a ka ya isa ya tsayar da su. Wanda bai san 'yan gida ba, ba zai gane baƙo ba.

RABONMU

Idan muka duba wannan tarihi daga 1885 zuwa 1987, sunayen da ke kan takardu na baƙi ne, harsunan kuma Jamusanci da Ingilishi. Waɗanda suka nuna hanya, suka ɗauki kaya, suka ce "ga inda take kwana", mutanenmu ne, amma saninsu bai shiga rubutu da harshensu ba. Yanzu lamarin ya fara sauyawa. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, wadda ta yaye 'yan Nijeriya da yawa, ciki har da 'yan Arewa. Tun 2015 kuma ake gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda matasa 'yan sa-kai ke fita da waya suna rubuta abin da suka gani a kowane yanki. Ƙasar nan tana da nau'in tsuntsaye sama da 900.

Mu marubuta fa? Ku buɗe littattafanmu ku ƙirga sau nawa aka ce "tsuntsaye na ta kuka gwanin sha'awa" a lambun gidan attajiri. Wane tsuntsu? A wane wata? Marubucin da ya sa shamuwa a kan bishiya cikin sanyin Janairu ya yi wa mai karatu ƙarya, kuma ɗan ƙauye zai kama shi. Wanda kuwa ya san cewa ragon maza daga cikin duhuwa yake kuka, balbela kuma da yamma take komawa makwanci a jere, labarinsa zai tsaya da ƙafarsa.

Aikin ba ya bukatar jari. Daga Oktoba zuwa Maris, ka fita da sassafe zuwa gaɓar Challawa ta wajen Panshekara ko Tamburawa, ko bakin ruwan Wasai. Ka yi sallama da masu lambu, ka nemi izini kafin ka ratsa fadamarsu. Kada ka shiga ruwan da ya sauya launi, kada kuma ka tsaya da madubin hangen nesa a ƙofar kamfani, masu gadi ba za su fahimce ka ba. Ka sami wuri ka zauna shiru kamar minti 20, kacalla za ta fara motsi. Ka rubuta kwanan wata, da lokaci, da sunan wurin. Ka kwatanta girman tsuntsun da wanda ka sani, ya kai kurciya ko bai kai ba. Ka dubi baki, da gira, da jela, da yadda yake riƙe karan ciyawa. Ka naɗi kukan da wayarka. Ka rubuta launin ruwan da warinsa. Sannan ka tambayi mai lambu da yaro mai danƙo da tsohon maharbi: me kuke kiran wannan? Duk sunan da aka ba ka ka rubuta, da garin da aka ba ka shi, ko da ya saɓa da na wani.

Shafi ɗaya irin wannan ba komai ba ne. Shafi ɗari daga hannun mutum ashirin cikin shekara biyar kuwa, shi ne abin da za a ajiye kusa da jerin 1981 a ga abin da ya ragu da abin da ya ƙaru. Da shi ne za a iya zuwa gaban hukuma a ce gaɓa kaza ta mutu, gaɓa kaza tana da sauran numfashi, a taimake ta. Kuma da Hausa zai kasance, yadda ɗan mai lambun zai iya karantawa.

Wanda ya san sunan wata ƙaramar tsuntsuwar bakin ruwa a garinsu, ya kawo mana shi da bayanin kamanninta. 'Yan Haɗeja da Wudil da Ringim, ku muka fi sa wa ido. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.